PurpleAir a Ƙasar Hazo: Sharhi Kan Na'urar Auna Iska da Bayanan da Take Tarawa

PurpleAir wata 'yar ƙaramar na'ura ce fara ta auna ƙazantar iska, wadda mutum zai iya riƙe ta da hannu ɗaya. Ana kafa ta a jikin bango a ƙarƙashin inuwar rufi, a ba ta wuta, a haɗa ta da intanet, daga nan sai ta riƙa aika abin da ta auna zuwa wata taswira da kowa zai iya buɗewa a wayarsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda ya saye ta abu biyu ya saya a lokaci guda, wato na'urar da ke jikin bango, da kuma hidimar karɓar bayananta da adana su da nuna su. Ra'ayina a kanta shi ne, wajen tattara bayanai ta ci kuɗinta, wajen tona asirin lalacewar kanta kuma ta fi yawancin takwarorinta gaskiya, amma lambar da take nunawa a tsakiyar hunturu ba abin da za a ɗauka kai tsaye a kai gaban likita ko hukuma ba ne, domin gyaran da aka tanadar wa bayananta an yi shi ne don hayaƙin Amurka, kuma idan aka ɗora shi a kan ƙurar Sahara sai ya ƙara nisanta lambar daga gaskiya.

Kamfanin ya samo asali ne a 2015 a garin Draper da ke jihar Utah, inda wani mutum mai suna Adrian Dybwad ya damu da ƙurar da ke tasowa daga wurin haƙar tsakuwa kusa da gidansa, ya rasa hanyar auna ta, sai ya haɗa na'urarsa da kansa. Abin da ya ja hankalin jama'a gare ta shi ne araha. Na'urorin da hukumomi ke dogara da su, irin su BAM-1020 ta kamfanin Met One, kuɗinsu dubban daloli ne masu yawa, kuma suna bukatar wuta mai ɗorewa da ƙwararren da zai riƙa kula da su, alhali PurpleAir ta waje farashinta a 'yan shekarun baya ya kasance tsakanin dala 200 zuwa 300, kafin a haɗa da kuɗin jigila da na kwastan. Da kuɗin babbar na'ura guda ana iya zagaye gari da ƙanana, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa jami'o'i da cibiyoyin bincike a Afirka suka rungume ta, har da Cibiyar Binciken Sararin Samaniya da ke Anyigba a jihar Kogi, wadda ta kafa irin waɗannan na'urori a garuruwa daban-daban na Najeriya.

A cikin samfurin da aka fi sani, wato PA-II, akwai ma'aunai biyu iri ɗaya masu suna PMS5003 na kamfanin Plantower na ƙasar Sin, waɗanda ake kira A da B, sai wani ɗan ƙaramin ma'auni na kamfanin Bosch mai auna zafi da laima da nauyin iska, sai kuma ƙwaƙwalwar da ke haɗa na'urar da waifai. Kowane ɗaya daga cikin ma'aunan biyu yana da 'yar fanka da ke jawo iska ta ratsa hasken lesa, kuma duk ƙwayar ƙura ko hayaƙin da ta gifta sai ta watsa hasken, wani ido na lantarki ya karanta yawan hasken da ya watsu. Ya kamata mai saye ya riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya: na'urar ba ta auna nauyin ƙura, haske take aunawa, sannan ta yi kirdadon nauyi da wani lissafi da kamfanin Plantower bai bayyana wa kowa ba. Lambar da aka fi dubawa ita ce PM2.5, wato nauyin ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiron 2.5 ba a cikin kowace kubik mita ta iska, kuma su ne ke kutsawa can cikin huhu. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 70.

Kafa ta ba shi da wuya. Da an ba ta wuta sai ta buɗe waifai nata, mutum ya shiga da wayarsa ya zaɓa mata hanyar intanet ta gida, sannan ya yi mata rajista a shafin kamfanin da lambar da ke jikinta. Waifai mai zangon 2.4 kawai take kamawa, kuma ba ta da wurin sa layin waya, saboda haka dole a samar mata ƙaramar na'urar raba intanet a kusa. Wutar da take ci kaɗan ce, kusan wat ɗaya ta wayar caji mai bolt 5, amma ba ta zo da batir ba. Wajen rajistar akwai zaɓin da bai kamata a wuce shi da gaggawa ba, domin idan aka bar na'urar a buɗe ga jama'a, taswirar tana nuna inda take, kuma a wuraren da tsaro ya taɓarɓare ba kowa ne zai so duniya ta ga ɗigon da ke nuna gidan da ke da wuta da intanet dare da rana ba. Ana iya ɓoye ta baki ɗaya, ko a ɗan gusar da alamar zuwa mararraba mafi kusa.

Na'urar tana aika sakamako duk bayan minti biyu, wato sau 30 a awa, sau 720 a yini, kuma muddin akwai wuta da intanet ba ta fashi. Matsalar farko ta mai tattara bayanai a Kano ko Zariya ko Maraɗi ita ce wannan sharaɗi na wuta da intanet. Samfurin da ba shi da katin memori ba ya ajiye komai a cikinsa, don haka duk mintin da intanet ya yanke ya tafi ke nan har abada. Samfurin da ke da kati yana ci gaba da rubutawa idan intanet ne kaɗai ya yanke, sai dai abin da ya rubuta a katin ba ya hawa taswira daga baya, sai mutum ya ciro katin da hannunsa ya haɗa fayilolin da waɗanda ya sauke daga rumbun kamfanin. Wannan rauni ne a tsarin hidimar, kuma ana ganin alamar cewa an tsara ta ne a ƙasar da ɗaukewar wuta labari ne na shekara. Duk da haka, ƙarin kuɗin da ake biya don samfurin mai kati shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a cikin cinikin.

Akwai wani abu game da waɗannan giɓi da ya fi ɓacewar lambobi muhimmanci, kuma ban cika ganin ana ambatonsa ba. Littattafan lissafi sukan ɗauka cewa bayanan da suka ɓace sun ɓace ne bisa katari, ta yadda abin da ya rage zai wakilci abin da ya tafi. A unguwanninmu ba haka abin yake ba, domin lokacin da aka ɗauke wuta shi ne lokacin da maƙwabta da masu shaguna da masu niƙa ke tayar da janareta, ke nan na'urar tana mutuwa ne daidai sa'ar da hayaƙi ya fi kauri, ta farfaɗo bayan an kashe injunan. Wanda ya ɗauki matsakaicin abin da ya rage zai samu iska mai tsafta fiye da wadda mutane suka shaƙa. Wanda kuma ya cike giɓin da layi miƙaƙƙe daga lamba ta ƙarshe zuwa ta farko bayan dawowar wuta, kamar yadda manhajojin tace bayanai da yawa ke yi da kansu idan ba a hana su ba, ya ƙirƙiri iskar da ba a taɓa yi ba. Maganin na farko ba na lissafi ba ne, shi ne a sa wa na'urar da abin raba intanet ƙaramin batir da faifan sola. Na biyu shi ne a bi ƙa'idar da masu auna iska suka saba da ita ta kashi 75 cikin ɗari, wato kada a lissafa matsakaicin awa sai an samu aƙalla karatu 23 daga cikin 30, kada a lissafa na yini sai an samu awa 18 daga cikin 24, abin da bai kai haka ba a bar gurbinsa fayau.

Sauke bayanan yana da hanyoyi uku. Daga taswira ana iya ganin zane a sauke ɗan abin da ke kansa, wanda ya ishi mai son sanin halin da ake ciki a wannan makon. Mai bukatar tarihin watanni sai ya bi ta ƙofar da ake kira API ko manhajar saukewa da kamfanin ya tanada, kuma a nan ana aiki ne da maki da ake saye, ko da yake mai na'ura yana da damar karɓar bayanan na'urarsa kyauta. Ɗalibin da ke son kwatanta garuruwa goma da na'urorin wasu shi ne zai ji nauyin wannan tsari, musamman da yake biyan dala ta intanet ba kullum yake zuwa da sauƙi ba. Hanya ta uku ita ce wadda na fi yabawa: duk kwamfutar da ke kan waifai ɗaya da na'urar tana iya tambayarta kai tsaye ta karɓi sakamakon ba tare da an bi ta rumbun kamfanin ba, don haka mai ɗan ilimin rubuta manhaja zai iya tara nasa kwafin a gida. Ko ta wace hanya aka bi, a lura cewa lokacin da ke cikin fayil agogon duniya ne na UTC, wanda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka riga shi da awa ɗaya, Ghana kuwa daidai take da shi. Wanda ya manta da wannan awa zai ga hayaƙin girkin magariba ya bayyana tun kafin a hura wuta.

Inda na'urar ta yi fice shi ne ma'aunai biyun nan. Ma'auni mai araha yakan lalace ba tare da ya nuna alama ba, ya ci gaba da aiko lambobi masu kama da gaskiya, kuma idan shi kaɗai ne babu yadda za a gane. Da yake A da B suna shaƙar iska ɗaya a wuri ɗaya, saɓaninsu shi ne ƙararrawa. Taswirar tana nuna makin amincewa, tana kuma rage darajar ma'aunin da ya kauce, amma ga mai aikin bincike ya fi kyau ya yi tacewar da kansa. Masu bincike na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, a aikin da Karoline Barkjohn da abokan aikinta suka wallafa a 2021, sun yi watsi da matsakaicin yini idan tazarar A da B a lambar PM2.5 ta wuce maikirogiram 5 a kubik mita kuma ta wuce kashi 61 cikin ɗari a lokaci guda. Hikimar haɗa sharuɗɗan biyu a fili take. A iska mai tsafta, idan A ya ce 2 B ya ce 4, bambancin ta fuskar kaso babba ne amma ba ya nufin komai. A iska mai datti, idan A ya ce 200 B ya ce 215, tazarar ta kai 15 amma ba ta wuce kashi 7 ko 8 ba. Sai sharuɗɗan sun haɗu ne ake da dalilin zargi.

Wannan kwatanci yana warware wata matsala da ke damun duk mai tace bayanan na'urori, wato lambar da ta yi tsalle ta fita daga sahun 'yan uwanta. Hanyoyin da aka saba da su suna goge duk lambar da ta yi nisa da tsaka-tsakin maƙwabtanta, kuma hakan daidai ne ga zafin ɗakin sanyi ko matsin ruwa a bututu, inda tsalle ba ya faruwa sai da kuskure. Iskar gari kuwa tana tsalle da gaske. Wani ya cinna wa bola wuta a bayan gida, mai tsire ya hura gawayi, babbar mota ta tsaya tana aman baƙin hayaƙi, sai lamba ta tashi daga 40 zuwa ɗaruruwa cikin mintuna kaɗan, kuma wannan tashin shi ne ainihin abin da aka sayi na'urar don a gani. Idan A da B sun tashi tare suka sauka tare, a bar lambar. Idan ɗaya ne ya tashi ya maƙale a sama, ko ya kwanta a sifili kwana da kwanaki, to a leƙa ƙasan na'urar, domin gizo-gizo yakan yi saƙa a bakin ƙofar iskar, zanzaro ma ba ya ƙyale rami idan ya gani. Sababbin samfura irin su Flex an yi su ta yadda za a iya zare ma'aunin da ya lalace a sa sabo ba tare da an sayi wata na'ura ba, kuma a ƙasar da ƙura ke cika fanka da wuri wannan ci gaba ne na gaske.

Akwai ƙananan tarkuna biyu a cikin fayil ɗin. Na farko, PM2.5 yana zuwa a layuka biyu, ɗaya mai alamar CF=1 ɗaya mai alamar ATM, waɗanda suke tafiya daidai har wajen maikirogiram 25, daga nan su rabu, har ATM ya koma kusan kashi biyu cikin uku na ɗan uwansa. Haɗa su a lissafi ɗaya kuskure ne da ba ya nuna kansa. Na biyu, zafi da laimar da na'urar ke bayarwa na cikin kwanonta ne, inda kayan lantarki ke ɗumama iska, kuma kamfanin da kansa ya ce zafin yakan ɗara na waje da kusan digiri 4, laimar kuma ta gaza da kusan kashi 4. Bai kamata a ɗauke su a matsayin rahoton yanayi ba, ballantana idan ranar watan Afrilu tana dukan bangon.

Bayan an tace, saura gyara, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi. Binciken nan na 2021 ya ajiye na'urorin PurpleAir kusa da manyan na'urorin hukuma a jihohi 16 na Amurka, ya gano cewa ɗanyen sakamakonsu yana wuce gaskiya da kusan kashi 40 cikin ɗari, sannan ya fitar da ƙa'idar gyara mai sauƙi: a ninka lambar CF=1 da 0.524, a cire laima da aka ninka da 0.0862, a ƙara 5.75. Dalilin shigar laima shi ne ƙwayoyin hayaƙi suna shan ruwa su kumbura idan iska ta yi danshi, sai su watsa haske fiye da nauyinsu. Da irin wannan gyara ne hukumar take nuna bayanan PurpleAir a taswirarta ta gobarar daji da hayaƙi, wadda ta fara karɓar su tun 2020, kuma shi ne zaɓin da mutane da yawa ke latsawa a taswirar kamfanin suna ganin sun yi abin da ya dace. Idan na'ura ta ce 100 a ranar da laima take kashi 80, ƙa'idar za ta mayar da lambar kusan 51. Idan laima ta sauka zuwa kashi 15, kamar yadda take yi a Kano a watan Janairu, sai ta koma kusan 57. Ko ta yaya dai, aikinta shi ne ta raba lambar kusan biyu.

To amma hazon hunturu ba hayaƙi ba ne. Mafi yawansa yana tasowa ne daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa mai laushi, kuma masana suna ɗaukar wurin a matsayin mafi yawan fitar da ƙura a duniya. Ƙwayoyin wannan ƙura sun fi na hayaƙi girma nesa ba kusa ba. Hayaƙi yawancinsa bai kai maikiron ɗaya ba, kuma a nan ne idon PMS5003 ya fi kaifi, kamar yadda gwaje-gwajen ɗakin bincike suka nuna. Ƙura kuwa nauyinta yana cikin manyan ƙwayoyi, waɗanda ba sa iya bin iska ta lungunan da ke cikin ma'aunin kafin su kai ga hasken, waɗanda suka kai ɗin ma ba sa watsa haske gwargwadon nauyinsu. A 2023 Daniel Jaffe na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka gwada ƙa'idar hukumar a yanayi uku, suka ga ta yi kyau a hayaƙin gobarar daji da ƙazantar birni, amma a lokutan ƙura, irin waɗanda ake yi a garin Keeler kusa da busasshen tafkin Owens a Kalifoniya, lambar da aka gyara ta gaza gaskiya har ninki biyar zuwa shida. Abin mamaki ne a ce na'urar da damuwa da ƙura ta haifa ita ce ƙura ta fi ɓuya wa.

Ma'anar wannan ga mai na'ura a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar ita ce, a ranar da hazo ya rufe gari, aka soke tashin jirage a filin Malam Aminu Kano, masu asma suna neman numfashi, taswira tana iya nuna launin da ke cewa iskar ba ta yi muni sosai ba. Kwatanta A da B ba zai ceci kowa a nan ba, domin su biyun ƙira ɗaya ne, makantarsu ɗaya ce, za su yarda da juna ɗari bisa ɗari a kan lambar da ta gaza. Layin PM10 da ke cikin fayil, wanda a suna shi ne ya kamata ya kama manyan ƙwayoyi, shi ma kirdado ne daga hasken nan dai, kuma ban ga dalilin dogara da shi ba. Sauran zaɓuɓɓukan gyara da ke kan taswira ba su canza komai ba: LRAPA ta fito ne daga wata hukumar yanki a jihar Oregon, AQandU daga Jami'ar Utah, akwai kuma wadda aka gina a kan hayaƙin itacen ɗumama gida a Ostireliya. Kowace daga cikinsu mudun kasuwar garinsu ce, kuma wanda ya auna hatsinsa da mudun wata kasuwa ba zai zargi mudun ba idan lissafi ya ƙi fita.

Bai kamata kuma a gudu daga wannan kuskure a faɗa wani ba, a ce tunda an ga ninki biyar a Kalifoniya sai a ninka lambar Kano da biyar. Ƙurar Keeler daga bakin gari take tasowa, tamu kuwa ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, manyan ƙwayoyinta sun zube a hanya, sannan ta iso ta gauraya da hayaƙin ƙonar daji da na girki da na wutar da ake jin ɗumi da ita, waɗanda duk a hunturun suke ƙaruwa. Abin da ya fi amfani a aikin Jaffe shi ne dabarar gane ranar ƙura daga cikin bayanan na'urar kanta, ta hanyar kwatanta adadin ƙwayoyin da suka wuce maikiron 0.3 da adadin waɗanda suka wuce maikiron 5, domin idan ƙura ta zo tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa. Saboda haka duk mai sauke bayanai ya haɗa da layukan ƙidayar ƙwayoyi, ko da za su ci masa ƙarin maki, ya kuma yi wa ranakun ƙura alama daban. Rahoton nisan gani da filayen jiragen sama ke fitarwa da gargaɗin hazo na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, suna taimakawa wajen tabbatar da waɗannan ranaku.

Gyara na haƙiƙa ba ya samuwa sai an ajiye na'urar kusa da babbar na'ura ta hukuma a yankin da za a yi aiki, na tsawon lokacin da zai ratsa hunturu da bazara da damina, a fitar da ƙa'idar da ta san bambancinsu. An yi irin wannan aiki a Accra, inda masu bincike na Jami'ar Columbia da abokan aikinsu na Ghana suka kwatanta PurpleAir da babbar na'urar ofishin jakadancin Amurka, an kuma yi amfani da na'urorin da aka gyara wajen auna iskar Lome. Waɗannan sun fi kusa da mu fiye da na Oregon, amma biranen gaɓar teku ne masu laima, kuma ƙurar da ke isa can ta riga ta wuce ta kanmu. Hanyar ma ta ƙara ƙunci tun watan Maris na 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da raba bayanan iska daga ofisoshin jakadancinta, waɗanda a birane da yawa na Afirka su ne abin kwatancen da kowa ke iya samu. Jami'ar da ke shirin sayen ƙananan na'urori talatin ta fi kyauta wa kanta idan ta sayi ashirin, ta nemi hanyar samun babba guda ta haɗin gwiwa da wata cibiya.

Duk wannan bai rage darajarta a abin da take gani da kyau ba, kuma abin yana da yawa. Hayaƙin itace da gawayi a madafa, hayaƙin janareta, ƙona shara da tayoyi, cunkoson A Daidaita Sahu a mararraba, duk ƙananan ƙwayoyi ne da ke cikin ikonta. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa mizanin PM2.5 a maikirogiram 15 a matsakaicin yini da 5 a matsakaicin shekara, kuma makarantar da ke son sanin ko ƙona bola a bayan katanga yana kai wa azuzuwa, ko ƙungiyar da ke son gwada ko sabon murhu ya rage hayaƙi a tsakar gida, za ta samu amsa mai gamsarwa, domin tambayar ta kwatanci ce tsakanin jiya da yau a wuri ɗaya da na'ura ɗaya. A damina, lokacin da ruwa ya kwantar da ƙura, ƙa'idar hukumar Amurka ma tana da ma'ana a matsayin mafari.

Wanda babbar damuwarsa wuta da intanet ce ya dubi irin na'urorin da shirin AirQo na Jami'ar Makerere a Uganda ke ƙerawa, waɗanda aka tsara su da sola da layin waya tun daga tushe, ko da yake duk na'urar da ke aiki da irin wannan ma'auni na haske tana da raunin ƙura iri ɗaya. Wanda kuma aikinsa a kan hazo ne kacokan, kamar mai binciken alaƙar hunturu da cututtukan numfashi ko sanƙarau, PurpleAir ita kaɗai ba za ta ɗauki nauyin bincikensa ba. Ga sauran masu saye, shawarata ita ce a ɗauki samfurin waje mai katin memori, a ware kuɗin batir da sola tun a kasafin farko, a kafa ta nesa da bututun janaretan gida da bakin madafa sai idan su ake son aunawa, kuma a ajiye ɗanyen fayil na A da B yadda ya sauko, a yi duk tacewa da gyara a kan kwafi, saboda ranar da aka samu ƙa'idar da aka gina a Kano ko Zinder za a bukaci komawa kan lambobin asali a sake lissafin shekarun baya.